Yadda muka sake notunan tof silinda na wata Corolla a Farin Gada

Motar Corolla ce ta 2005, mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu. Da igiya aka jawo ta garejinmu a Farin Gada, cikin Jos, bayan ta tafasa a Hawan Kibo tana dawowa daga Abuja. Mai ita ya ce wata uku ke nan da aka sa mata sabon gasket a wani wuri, wato farantin da ke toshe tsakanin tof (kan injin da ke rufe silinda) da bulok (gangar jikin injin), kuma tun daga ranar take shan ruwa kaɗan-kaɗan, yau kofi ɗaya, gobe biyu, ba a ga inda yake zuba ba. Washegari da sanyin safiya muka cika lagireto muka tayar da ita. Ko minti ɗaya ba a yi ba tiyon sama ya cika tam kamar tayar keke, kumfa na ta ɓulɓulowa ta bakin lagireto. Injin da bai ɗauki zafi ba ba shi da dalilin kumbura tiyo, sai in iskar cikin silinda ce ke tsallakawa hanyar ruwa. Fulogi na biyu da na uku suka fito fes kamar an wanke su, sauran biyun da ɗan baƙinsu na yau da kullum. Ke nan gasket ya sake ƙonewa, a tsakiya.

Gasket ɗin da ya mutu cikin wata uku, da wuya laifinsa ne shi kaɗai. Ko fuskar tof ɗin ta karkace, ko ɗaurin ne bai yi ba, ko duka biyun. Don haka tun daga kwancewa muka fara neman amsa.

Ba a taɓa notin tof sai injin ya huce sarai. Bulok da tof na wannan injin duka alminiyam ne, in aka saki tof yana da zafi zai iya lanƙwashewa a hannunka. Muka cire kan batir, muka juye ruwa da baƙin mai, muka sauke manifol na iska da na salansa, koyil-koyil, da murfin sama. Muka juya injin har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa, alamar fuli ta tsaya a kan sifili. Sannan jak da guntun katako a ƙarƙashin injin, aka cire kujerarsa ta dama, fuli, famfon ruwa, murfin taimin da sarƙa. Kamshaf biyun ma dole su fita kafin a samu hanyar notunan. Akwai ƙananan kofuna 16 da ke zaune a kan bawul, kowanne da kaurinsa, domin da su ake daidaita tazarar bawul a wannan injin. Kiret ɗin ƙwai muke sa su, an rubuta lamba a kowane rami. Wanda ya zuba su a kwano ɗaya ya saya wa kansa aikin yini guda.

Notunan tof goma ne, layi biyu, biyar-biyar. Kansu rami ne mai haƙora 12, kuma makullinsa na musamman ne, mai lamba 10. Akwai wani makulli mai haƙora 12 da ake amfani da shi a motocin Jamus, a ido kamar ɗaya suke, amma kusurwar haƙoran ta bambanta. Zai shiga, ya ɗan yi rawa, kana ba shi ƙarfi ya cinye kan notin, daga nan sai a koma maganar diril. Kafin a sa makulli sai an tsotse man da ya kwanta a ramin kan kowane noti, a ɗan buga makullin da guduma ya zauna har ƙasa.

Kwancewa daga gefe ake farawa a nufo tsakiya, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Zagayen farko kwata kawai, na biyu wani kwata, sai a na uku a sake su gaba ɗaya. A nan muka ga abin da muke zargi. Notunan gefe sai da na sa faif, kowanne ya yi ƙara ƙas kafin ya motsa. Biyu daga na tsakiya kuwa da hannu ɗaya suka biyo ni, ba ko gardama. Na miƙa wa yaron da ke taya ni sifanar ya gwada na kusa da su.

"Oga, wannan ai kamar ba a ɗaure ba," in ji shi.

An ɗaure, amma da ƙiyasin hannu. Muka huda kwali rami goma, muka zana kibiya ta nuna gaban injin, kowane noti ya shiga raminsa yadda yake a mota. Wosha goma kuma da maganaɗisu muka tsamo su, muka ƙirga, don in guda ta sulale ta ramin mai sai an sauke kaskon ƙasa. Tof ɗin ya ɗan manne. Ba a cusa sukundireba tsakaninsa da bulok, akwai kunnuwa a gefe da aka tanada don ɗagawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, notin tof aikin sifirin yake yi. In ka ɗaure shi yana miƙewa kaɗan, ƙasa da abin da ido zai gani, kuma ƙoƙarinsa na komawa tsawonsa shi ne ƙarfin da ke danne gasket. Duk fashewar da ake yi a cikin silinda tana son ɗaga tof sama, wannan miƙewar ce ke hana ta. Ga kuma zafi: alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka duk lokacin da injin ya yi zafi tof yana ƙara jan notin, in ya huce ya sake shi. Notunan irin wannan injin an yi su ne a ɗaure su har bakin inda ƙarfen zai fara miƙewar da ba ta komawa. A wannan gaɓar ƙarfin dannawarsu yake zuwa kusan ɗaya a duka goman. Kuɗin da ake biya shi ne kowane ɗauri yana cin wani abu daga rayuwar notin.

Shi ya sa ake auna su. Littafin injin ya ce daga ƙarƙashin kai zuwa tsini, lafiyayyen noti yana tsakanin milimita 146.8 da 148.2, in ya wuce 148.5 a jefar. Muka wanke su da fetur muka bi su da ma'aunin baniya. Uku sun wuce iyaka. Ɗaya har ya yi ƙugu, in ka ɗaga shi saitin haske za ka ga inda ya sirance a saman zare, kuma zaren wurin ya buɗe. Sauran bakwai suna cikin ƙa'ida, a takarda ana iya mayar da su. Ni dai ban mayar ba. Injin ya tafasa, ba mu san sau nawa aka ɗaure su ba, kuma haɗa sababbi uku da tsofaffi bakwai yana kawo dannawa iri biyu a fuska ɗaya. Na gaya wa mai motar.

"Malam, ba za a lallaɓa da waɗannan ba? Wancan karon ma su aka mayar."

"Shi ya sa muka sake haɗuwa, Alhaji. Kuɗin notuna goma bai kai na gasket da mai da ruwa da aikin kwana biyu ba."

Ya yarda. Yaro ya tafi Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota, da tsohon noti ɗaya mai lafiya a aljihu. Sayen noti ba da samfur ba caca ce. Ana jera sabo da tsoho a duba tsawo, a manna zarensu a juna a ga ko haƙoran sun shiga daidai ba haske a tsakani, a duba kan ko makullinmu ya zauna. Kuma a kula da na Beljiyam da aka wanke aka shafa wa mai aka zuba a leda. Wanda aka taɓa ɗaurewa yana da sheƙi a ƙarƙashin kai, inda ya gogi wosha, kuma gefe ɗaya na zarensa ya fi ɗayan haske. Sababbin ma da suka iso sai da na auna su ɗaya bayan ɗaya.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne ramukan da ke jikin bulok, kuma nan ne aka fi yin ha'inci, don ba wanda ke gani. Ramukan nan toshe suke a ƙasa. Da zarar an ɗaga tof, ruwa da mai da suka rage suna gangarawa ciki. Da muka haska tocila, shida cikin goma da ruwa a kwance, biyu na tsakiya kuma da dunƙulen tsohon gam da baƙin datti a gindinsu. Ruwa ba ya matsuwa. In noti ya sauka ya tarar da shi, sifanar awo, wadda ke auna ƙarfin ɗauri, za ta yi ƙara ta ce an kai, alhali ruwan notin yake dannawa, gasket bai ji komai ba. Daga baya ruwan ya silale ta zare, notin ya zama sako-sako. In kuma aka yi rashin sa'a, matsin ya tsaga bulok daga ciki. Kusan tabbas sako-sakon nan ne ya sami na tsakiyan nan.

Da sirinji da siririn tiyo muka zuƙe ruwan, muka zuba ɗan fetur muka sake zuƙewa, sannan iska daga kwamfaresa, an rufe bakin ramin da tsumma don kada dattin ya faɗa silinda ko idon mutum. Zaren kuma da ɗaya daga tsofaffin notunan muka share shi: an yanka masa tsaga biyu a tsaye da zarto, an goge bakin tsagar da fayil. Ana murza shi da hannu, a fito da shi, a share dattin da ya taru a tsagar, a sake, har ya fito da tsabta. Ban son sa abin yanka zare a nan, domin yana ɗebe nama, kuma zaren alminiyam ba shi da naman da zai bayar. Gwajin ƙarshe, sabon noti ya shiga kowane rami da yatsu biyu, ba tsayawa, har ya wuce zurfin da zai kai in an ɗora tof.

Tun wajen kwancewa ake duba ko wani noti ya fito da farin ƙarfe naɗe a zarensa kamar waya. In an gani, zaren bulok ne ya biyo shi, kuma ba ɗaurin da zai riƙe sai an huda an dasa sabon zare na ƙarfe. Masu aikin Camry mai injin 2.4, wato 2AZ-FE, sun san wannan ciwo a notunan layin baya. Namu goman sun fito da tsabta.

Fuska biyun muka kankare da reza a kwance da fetur. Ba sanfefa, ba burushin waya a kan injin gurzawa. Gasket ɗin wannan injin faranti ne na ƙarfe masu hawa-hawa, yana son fuska mai santsi, ƙaramin ƙarci ma hanya ce. Muka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, muna cusa fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashinsa. Iyakar da aka yarda ita ce milimita 0.05, wajen kaurin gashin kai. Bulok ya tsallake. Tof kuwa tsakanin silinda ta biyu da ta uku 0.08 ta shige. Littafi cewa ya yi a sake tof. A aikace muka kai wa masu injin gyaran fuska, na ce su gwada shi ko ya tsage, sannan su ɗebe iya abin da zai share karkatar kawai. Yawan ɗiba yana ƙara matsin silinda, yana kuma kawo kamshaf kusa da karanshaf, taimin ya ɗan goce. Da ya dawo muka wanke shi da sabulu da ruwa da iska, saboda garin alminiyam yana maƙalewa a hanyoyin mai. Lokacin hunturu ne, ƙura na sauka ko'ina, don haka bulok ya kwana a rufe da leda da tsumma.

Ranar ɗauri, a sake share fuska biyun har farin tsumma ya fito fari. Gasket ya zauna a kan ƙusoshin saiti biyu da ke jikin bulok, lambar da aka buga masa tana kallon sama, a duba kowane ramin mai da na ruwa ya yi daidai. Ba a shafa masa gam ko girisi. Na san akwai masu rantsuwa da gam, amma gam yana hana faranti zama, kuma ragowarsa ce muka tono a ramuka jiya. Mutum biyu suka ɗora tof a hankali, kai tsaye, ba ja a kan gasket.

Kowane noti aka shafa masa baƙin mai kaɗan a zare da ƙarƙashin kai, da yatsa, yadda zai yi sheƙi amma ba ya ɗiga. Dalilin man shi ne, cikin ƙarfin da kake sa wa sifana, kusan kashi 90 cikin 100 gogayya ce ke cinye shi, a zare da ƙarƙashin kai, ɗan ragowar ne ke miƙa notin. Busasshen noti zai kai adadin da wuri bai danna komai ba. Wanda aka tsoma a mai kuma zai cika ramin da muka sha wahalar busarwa. Wosha ta fara shiga, sannan noti, a saukar da shi a hankali, kada a sake shi ya faɗa ya daki zaren farko. Duka goman da hannu har su taɓa.

Ɗauri kishiyar kwancewa ne: daga tsakiya zuwa gefe. Biyun tsakiya, sai biyu na dama da su, sai biyu na hagu, sai gefen can, sai gefen nan, kamar mai shimfiɗa tabarma yana kore tudu zuwa baki. In ka fara da gefe ka kulle tudun a tsakiya, daidai inda silinda biyu suka fi kusa da juna kuma zafi ya fi yawa. Na rubuta lambobin da alli a jikin bango inda yaro zai riƙa kira mini.

Adadin wannan injin shi ne 49 a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, sannan ƙarin juyi na digiri 90. A lura da ma'aunin, don sifanar awo da yawa layi biyu gare ta. 49 a Nm daidai yake da 36 a layin fam-ƙafa na Amurka, ko kilo-mita 5. Wanda ya saita 49 a layin fam-ƙafa ya zarce da kusan kashi ɗaya cikin uku tun kafin ya zo juyin digiri. Ba a tafiya 49 kai tsaye. Zagayen farko na sa 25, na biyu 40, na uku 49. Sai na sake bi a 49, kuma kamar kullum, biyun tsakiya suka ƙara motsawa, domin da aka ɗaure maƙwabtansu gasket ya ƙara kwanciya. Na sake zagayawa har ba wanda ya motsa. Ana riƙe sifanar a mariƙinta, a ja a hankali ba fizga, tana cewa ƙas a tsaya. Ƙas biyu ko uku a kan noti ɗaya ƙari ne. Wanda ba shi da sifanar awo, gara ya ara. In ta ƙure, sikelin rataya ya fi ƙiyasi: kilo 10 a kan hannun sifana mai tsawon rabin mita, ana ja a miƙe ta gefe, shi ne 49 ɗin.

Sai juyin digiri. Da farin fenti na ɗiga alama a kan kowane noti, duka suna kallon gaban injin, wajen sarƙa. Digiri 90 kwatan zagaye ne, ke nan in an gama duk alamomin za su kalli gefe guda. Amfanin wannan mataki shi ne gogayya ba ta da ta cewa a cikinsa. Kwatan zagaye tafiya ce sananniya a kan zare, ko notin na da santsi ko babu, miƙewar ɗaya ce. A nan ake ajiye sifanar awo, a mayar da saitinta ƙasa, a ɗauki doguwar sifana mai ƙarfi. Tsari ɗaya da na farko, tsakiya zuwa gefe, kowane noti a ja shi a numfashi ɗaya in wuri ya bari. Na layin baya wuri ya yi ƙunci, sai da na ja sau biyu, alamar fenti ce ta gaya mini inda zan tsaya. Ba don ita ba, da an kira sallah ko waya ta yi ƙara, ba mai iya rantsewa wanne aka juya wanne ba a juya ba.

Hannu yana jin abin da ke faruwa. Nauyin yana hawa, wajen ƙarshen kwatan sai ya daidaita, ya daina ƙaruwa sosai. Wannan daidai ne. Abin tsoro shi ne ya saki gaba ɗaya, ya yi laushi kamar ana murza sabulu. In haka ta faru a tsaya nan take, ko notin na shirin tsinkewa ko zaren bulok ya taso, kuma ƙara juyi ba ya gyara ko ɗaya. In an zarce alama da yawa ma ba a komawa baya don a daidaita, notin ya riga ya miƙe, sai dai a sa wani. Namu goman suka tsaya da nauyi iri ɗaya, fararen ɗigo goma duk suna kallon salansa.

Sauran haɗawa ce. Kofuna suka koma ramukansu, kamshaf da mai a wuyansa, murafunsa bisa lamba da kibiya, babban na gaba 23 a Nm, sauran 13. Tazarar bawul a sanyi: na iska milimita 0.15 zuwa 0.25, na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. Sarƙa da haƙoranta masu launi a kan alamominsu, gam siriri a murfin taimin, notin fuli 138 a Nm. Abin ɗame sarƙa ana sa shi a kulle, sai an ɗan juya injin baya ƙugiyarsa ta saki, sannan a juya gaba. Muka zagaya injin sau biyu da hannu, ba inda ya tokare.

Da muka buɗe gidan tamostat, wayam, an cire shi, kamar yadda aka saba yi da sunan wai ƙasarmu da zafi. Muka sa sabo mai buɗewa a digiri 82, da sabon murfin lagireto. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, ruwa a buɗe yana tafasa a wajen digiri 96, don haka murfin da ba ya riƙe matsi ya fi cutarwa a nan fiye da Legas. Sabon mai wajen lita huɗu da filta, ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya, hita a buɗe har iska ta gama fita, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu.

Da Alhaji ya zo ɗauka ya tambayi ranar da zai dawo a ƙara ɗaure tof. Tambayar zamanin Peugeot 504 ce, lokacin da gasket mai laushi ke kwanciya bayan injin ya yi zafi ya huce, dole a sake bin notuna. Wannan ba a sake taɓa shi. Notin da aka kai iyakarsa da digiri, ƙarin juyi tsinka shi zai yi ko ya ja zare. Abin da na ce ya dawo a yi bayan kilomita 1,000 shi ne canjin mai, saboda ragowar ruwan da ya gauraya da tsohon.

Kafin mu ba shi makulli mun kai ta Bukuru mun dawo, sannan muka hau hanyar Bauchi da mutum huɗu a ciki da na'urar sanyi a kunne. Allurar zafi ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan. Ta kwana a gareji. Da safe tiyon sama ya yi laushi a hannu, ruwan robar ajiya yana kan layin da muka ja da alƙalami, muka tayar da ita murfin lagireto a buɗe, ba kumfa ko ɗaya.